Ba ƙasa Gorbachev ya sayar ba, kuɗinta ya karya

Tun da sha'awar Rasha ta sake tasowa a wannan yanki namu, har aka ɗaga tutarta a Yamai a 2023 da Kano a 2024, akwai wata magana da ke yawo a Facebook da teburin mai shayi har an haddace ta: wai Mikhail Gorbachev ɗan koren Amurka ne, biyansa aka yi ya wargaza Tarayyar Sobiyet. In ka nemi hujja, abu biyu za a ajiye maka. Lambar Nobel da aka ba shi a 1990, sai tallar Pizza Hut da ya yi a 1997, shekara shida bayan saukarsa. Shi ke nan, an yanke hukunci.

Ni ba kare mutumin ne ya dame ni ba. Gorbachev yana da laifi, kuma babba ne. Matsalar ita ce an bar jaki ana dukan taiki. Laifinsa yana cikin baitulmali: a cikin shekara huɗu ya mayar da rubul, kuɗin ƙasar, takardar da ba ta sayen komai, sannan ya ƙi tsayawa zaɓe a gaban jama'a a lokacin da ƙuri'a ce kaɗai za ta iya riƙe shi. Abin da ake zaginsa a kai kuwa, wato ƙin fito da tankokin yaƙi a Gabashin Turai, shi ne mafi alherin abin da ya yi.

Abin da ya gada

An haife shi a 1931 a ƙauyen Privolnoye, yankin Stavropol a kudancin Rasha. Ɗan manomi ne. Yana matashi ya yi aiki da mahaifinsa a kan injin girbi, lambar yabon da ya samu a can ta taimaka masa ya shiga Jami'ar Mosko ya karanta shari'a. Kakanninsa maza biyu duk an kama su a zamanin Stalin. Ya zama shugaban jam'iyyar kwaminis na Stavropol a 1970, aka kai shi Mosko ya riƙe harkar noma a 1978. Daga Nuwamba 1982 zuwa Maris 1985 ƙasar ta binne shugabanni uku, Brezhnev da Andropov da Chernenko, sannan aka naɗa shi yana da shekara 54. Cikakken ɗan kwaminisanci ne, wanda ya yi imani cewa tsarin na da kyau, masu tafiyar da shi ne suka lalace.

Tattalin arzikin da ya tarar a kan abu uku yake tsaye. Na farko, a sayar da man fetur da iskar gas a waje, a sayo hatsi da dalar. A 1984 kaɗai an shigo da hatsi fiye da tan miliyan 40, a ƙasar da ta fi kowace ƙasa faɗi a duniya. Na biyu, farashin abinci a daskare yake, gwamnati ke cike giɓin. Kuɗin nama bai motsa ba tun 1962, shekarar da aka ƙara shi ma'aikata suka yi bore a Novocherkassk sojoji suka harbe fiye da mutum ashirin, daga nan babu shugaban da ya sake gigin taɓa shi. Burodi ya yi arahar da mutanen ƙauye ke sayensa su ciyar da dabbobi. Na uku, harajin barasa, wanda ke kawo fiye da kashi ɗaya cikin goma na kuɗin shigar gwamnati.

Yadda aka karya rubul

Wata biyu da hawansa, a Mayu 1985, ya ƙaddamar da yaƙi da shan barasa. Aka ɗaga shekarun saye zuwa 21, aka taƙaita sayarwa daga ƙarfe biyu na rana zuwa bakwai na yamma, aka rufe kantuna da yawa, aka sare gonakin inabi a kudu. Mu da addininmu ya haramta ta ba za mu ga aibin manufar ba, kuma ta yi amfani: tsawon ran maza a Rasha ya ƙaru da kusan shekara uku kafin 1987. Amma gwamnatin da ta datse hanyar kuɗinta da hannunta dole ta ce ga inda za ta cike. Ba a ce ba. Mashaya kuwa suka koma dafa tasu a gida, sukari ya ɓace daga kantuna har sai da aka koma rabonsa da kati. Kuɗin da a da ke shiga baitulmali ya koma aljihun masu dafa barasar ɓoye.

Ana cikin haka Saudiyya ta buɗe famfon mai a ƙarshen 1985. Gangar da ake sayarwa kusan dala 30 ta faɗo ƙasa da dala 15 a 1986. A watan Afrilun shekarar tashar nukiliya ta Chernobyl ta fashe, ta ci biliyoyin rubul. Waɗannan biyu ba laifinsa ba ne. Laifin shi ne a daidai wannan lokaci ya ƙara zuba kuɗi a masana'antun ƙera injuna, da sunan hanzarta ci gaba, kamar babu abin da ya faru. Giɓin kasafin kuɗi da bai wuce kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari na arzikin ƙasa ba a 1985 ya doshi kashi 10 kafin ƙarshen 1988, kuma da buga sababbin takardun kuɗi ake cike shi.

Babbar ɓarnar tana cikin dokoki biyu da mafi yawan masu gardama ba su taɓa jin labarinsu ba. Sai an fahimci cewa a Tarayyar Sobiyet kuɗi iri biyu ne. Akwai tsabar da ake biyan albashi da ita, mutane su je kanti da ita. Akwai kuma kuɗin lissafi, wanda a littafin banki kawai yake, masana'antu ke biyan juna da shi. Ba a yarda a juya na lissafi ya koma tsaba ba, sai gwargwadon albashin da tsarin gwamnati ya yanka. Wannan shinge ne ya sa ko da an rubuta wa masana'anta miliyoyin rubul a asusunta, ba sa kwararowa kasuwa su bi kayan masarufi.

Dokar masana'antun gwamnati ta 1987 ta bai wa daraktoci ikon yanka albashi da juya ribarsu, ta kuma bai wa ma'aikata ikon zaɓen darakta. Wanda ke neman ƙuri'ar ma'aikata me zai yi musu alkawari? Ƙarin albashi. Dokar ba ta saki farashi ba, kuma a aikace masana'antar da ta yi asara gwamnati ke ceto ta. Sai darakta ya gano cewa kaya mai araha ba ya kawo riba, ya rage yin sabulun talaka da rigar yara, ya koma yin masu tsada da ya liƙa wa sunan sabon samfuri.

Dokar ƙungiyoyin haɗin gwiwa ta Mayu 1988 ta ƙarasa aikin. Ta halatta ƙananan kamfanoni masu zaman kansu, abin da a kan kansa daidai ne. Amma da yawansu a cikin harabar masana'antun gwamnati aka buɗe su, da hannun darakta ko ɗan'uwansa. Masana'anta ta biya ƙungiyar da kuɗin lissafi a kan wata kwangila, ƙungiyar ta je banki ta fitar da shi tsaba. Ko kuma ta sayi ƙarfe ko katako a farashin gwamnati ta sayar a farashin da ta ga dama. Duk wanda ya san yadda buhun takin gwamnati ke fita daga sito a farashin tallafi ya bayyana a kasuwa da ninkin kuɗin ya san wannan ciniki. A nan ne da dama daga cikin attajiran Rasha na baya suka tara jarinsu na farko.

Kuɗi ya yi yawa a hannun mutane, farashi a ɗaure, sai kantoci suka yi fayau. A Yuli 1989 masu haƙar kwal a Kuzbass da Donbas suka shiga yajin aiki, cikin buƙatunsu har da sabulun wanka. A 1990 aka yi tarzoma a birane saboda taba sigari. A Mayun shekarar Firayim Minista Ryzhkov ya tsaya a majalisa ya sanar cewa kuɗin burodi zai ninka uku daga 1 ga Yuli. Sanar da ƙarin farashi makonni kafin ya fara aiki gayyatar wawaso ce. Mutane suka kwashe gari da taliya da duk abin da ba ya ruɓewa, majalisa ta ƙi amincewa da ƙarin, aka tashi babu kaya babu gyara.

A kakar 1990 aka kawo masa shirin kwana 500 na masana tattalin arziki Shatalin da Yavlinsky, wanda zai sayar da kadarorin gwamnati ya tsotse rarar kuɗin da ke hannun jama'a kafin a saki farashi. Ya karɓa, ya ja da baya, ya ce a haɗa shi da shirin Ryzhkov wanda ke kishiyantarsa. Shirin na da nasa rauni, kwana 500 ma buri ne. Amma rashin zaɓen ko ɗaya ya fi kowannensu muni. Abin da ya biyo baya shi ne dabarar sabon Firayim Minista Pavlov ta Janairu 1991: aka soke takardun rubul 50 da 100, aka ba mutane kwana uku su canza, da iyakar abin da za a karɓa daga kowa. Manyan 'yan kasuwar bayan fage sun sami hanyar fita, tsofaffi masu ajiya a ƙarƙashin katifa su ne suka sha layi. Daga nan babu wanda ya sake amincewa da rubul. Masana'antu suka koma musayar kaya da kaya, kowane lardi ya hana a fitar da abincinsa zuwa wani. Ƙasar ta rabu a kasuwa tun kafin ta rabu a taswira.

"Da ya bi hanyar Sin"

Wannan ita ce suka mafi nauyi, kuma akwai gaskiya a cikinta. Jagoran Sin Deng Xiaoping ya fara da tattalin arziki ya riƙe siyasa, ya kula da kasafinsa, da hauhawar farashi ta kai kusan kashi 18 a 1988 ya taka burki. A nan Sinawa sun fi shi iya lissafi, babu musu.

Sai dai ƙasashen biyu ba ɗaya ba ne. A 1978 kusan mutum takwas cikin goma na Sinawa a karkara suke, da hannu suke noma, kuma gonakin gama-gari ba su fi shekara ashirin da kafuwa ba. Manomi bai manta iyakar gonar ubansa ba. Aka ce kowane gida ya noma nasa, ya ba gwamnati kasonta ya sayar da saura, cikin damina kaɗan amfani ya ƙaru ba tare da an kashe ko sisi ba. A Tarayyar Sobiyet kashi biyu cikin uku na jama'a a birni suke. Manomi ma'aikacin albashi ne a gonar da aka ƙwace daga kakansa shekara hamsin da wani abu da suka wuce, taraktocin kuma manya ne da ba su dace da ƙaramin fili ba. Gorbachev ya yi tayin hayar gona har ta shekara 50. Kaɗan ne suka karɓa, don iri da taki da mai duk a hannun shugaban gonar gwamnati suke, shi kuwa ba ya son kishiya a maƙwabtansa.

Akwai kuma jam'iyya. Manyanta sun tsige Khrushchev a 1964, sun shaƙe gyaran tattalin arziki na Firayim Minista Kosygin na 1965 a hankali har gyaran ya mutu. Gorbachev ya san haka, shi ya sa ya buɗe bakin jaridu da sunan glasnost, ya shirya zaɓen Maris 1989, don ya yi amfani da jama'a ya karya ma'aikatan jam'iyya masu yi wa perestroika, shirinsa na sake fasalin ƙasa, zagon ƙasa. Ya karya su, amma jam'iyyar ce igiyar da ke ɗaure jamhuriyoyi 15 wuri guda, kuma bai tanadi wata igiyar ba.

Mai cewa hanyar Sin ya faɗe ta duka. Gorbachev yana Beijin a tsakiyar Mayu 1989, ɗalibai sun cika dandalin Tiananmen. Ƙasa da mako uku bayan tafiyarsa tankoki suka shiga. Wannan ma cikin hanyar yake.

Tankokin da bai fitar ba

A 1956 Hangari ta motsa, aka murƙushe ta. A 1968 aka yi wa Cekoslobakiya haka. A 1989 akwai sojan Sobiyet fiye da 300,000 a Jamus ta Gabas kaɗai. Ranar 9 ga Oktoba mutum kusan 70,000 suka fito a Leipzig, ranar 9 ga Nuwamba katangar Balin ta buɗe, sojojin suna cikin bariki. Umarni ɗaya daga Mosko ya isa ya canza wannan. Bai bayar ba, kuma tun a Disamba 1988 ya faɗa a Majalisar Ɗinkin Duniya cewa kowace al'umma tana da 'yancin zaɓar tafarkinta, ya sanar da rage soja 500,000.

Masu kiran wannan cin amana su gaya mana adadin gawarwakin da suke ganin ya dace a biya don Honecker, shugaban Jamus ta Gabas, ya ci gaba da mulki. Yugoslabiya, wadda ba ta da makamin nukiliya ko ɗaya, ta wargaje da rayuka fiye da 100,000. Tarayyar Sobiyet tana da kawunan nukiliya fiye da 25,000, manyan masu cin dogon zango a jamhuriyoyi huɗu. An yi yaƙe-yaƙe bayan rushewarta, a Tajikistan da Karabak da Checheniya da wasu wurare, kuma sun ci dubban rayuka. Amma ba a yi yaƙin da gwamnatin tsakiya ta jefa rundunarta duka don riƙe daula ba.

Haka batun makamai. Ana cewa a yarjejeniyar Disamba 1987 an cuce shi, don ya lalata makamai masu linzami 1,846 Amurka ta lalata 846. A duba irin makaman. Nasa, SS-20, Turai suke iya kaiwa, ba biranen Amurka ba. Na Amurka, Pershing II da aka girke a Jamus ta Yamma, cikin kamar minti goma suke isa yammacin ƙasarsa. Ya ba da masu yawa ya kawar da wuƙar da ke wuyansa. Afganistan kuwa, inda sojansa kusan 15,000 suka mutu kuma aka hallaka Musulmin ƙasar da ba su ƙirguwa, ya fitar da rundunar a Fabrairu 1989. Abin mamaki ne ka ji Musulmi yana kukan rushewar daular da ta yi wannan yaƙi, yana zagin wanda ya kawo ƙarshensa. A zamaninsa ne ma, a 1990, Musulmin Sobiyet fiye da dubu suka tafi Hajji a shekara guda, bayan shekaru da ba a barin fiye da 'yan gommai.

Wannan ba ya nufin hannunsa babu jini, kuma a nan Turawa masu yabonsa suke kawar da kai. A Tbilisi ta Jojiya, 9 ga Afrilu 1989, sojoji suka far wa masu zanga-zanga da shebur da hayaƙi mai guba, mutum 21 suka mutu, yawancinsu mata. A Baku ta Azarbaijan, daren 19 zuwa 20 ga Janairu 1990, bayan an riga an gama kisan Armeniyawa a garin, runduna ta shiga ta kashe fiye da mutum 130, kuma shi ya sa hannu a dokar ta-ɓacin. A Vilnius ta Lituweniya, 13 ga Janairu 1991, wata uku bayan an sanar da Nobel ɗinsa, aka kashe 14 a hasumiyar talabijin. A Tbilisi da Vilnius cewa ya yi bai ba da umarni ba. In gaskiya ya faɗa, to soja ba ya hannunsa. In ba gaskiya ba ce, ta fi muni. Chernobyl ma sai da na'urorin wata tashar Suwidin suka tona asiri, aka bar yara suka yi faretin 1 ga Mayu a Kiyef, shi kuwa bai yi wa ƙasa jawabi ba sai 14 ga Mayu.

Alkawarin NATO

Ana kuma zarginsa da yarda da alkawarin baka cewa NATO ba za ta faɗaɗa ba. Gaskiya ne a 9 ga Fabrairu 1990 ministan wajen Amurka James Baker ya ce masa ikon NATO ba zai matsa gabas ko da inci ɗaya ba in an bar Jamus ta haɗe. Gaskiya ne kuma ba a rubuta wannan a yarjejeniyar Satumba 1990 ba. Abin da aka rubuta shi ne ba za a girke sojan waje ko makaman nukiliya a tsohuwar Jamus ta Gabas ba. Folan da Hangari da Cek suka shiga NATO a 1999, ƙasashen Baltik a 2004. Shi kansa daga baya ya ce ba a tattauna shigar waɗannan ƙasashe ba a lokacin, don ƙawancen Warso, ƙawancen sojan da Mosko ke jagoranta, yana nan da ransa, amma faɗaɗawar ta saɓa wa ruhin abin da aka yi magana a kai.

Na yarda bai iya ciniki ba a nan. Lauyan da ya karanta shari'a a Mosko bai kamata ya tashi daga tebur da alkawarin baka ba. Amma a tambayi dalilin da ya sa hannunsa ya yi rauni. A watannin da ake wannan tattaunawa rance yake nema daga Helmut Kohl, shugaban gwamnatin Jamus ta Yamma. A Yuni 1990 Jamus ta tsaya masa aka ba shi rancen mak (kuɗin Jamus) biliyan 5, a Yuli ya yarda haɗaɗɗiyar Jamus ta zauna a NATO, a Satumba aka daidaita a kan mak biliyan 12 na kwashe sojoji da gina musu gidaje, da rancen biliyan 3 marar ruwa. Mai neman bashin cefanen gobe ba ya gindaya sharaɗi. Ko a nan ma baitulmalin ne.

Wa ya sa hannu?

A Maris 1990 aka soke sashe na 6 na tsarin mulki da ya bai wa jam'iyya ikon mulki ita kaɗai, aka ƙirƙiri kujerar shugaban ƙasa. Gorbachev ya zaɓi majalisa ta naɗa shi, shi kaɗai ne ɗan takara, ya sami ƙuri'a 1,329. A lokacin farin jininsa ya ragu amma bai ƙare ba, akwai yiwuwar ya ci zaɓen gama-gari. Ya ji tsoro. A Yuni 1991 Boris Yeltsin, wanda shi ya kawo shi Mosko a 1985 ya kore shi a 1987, ya tsaya takarar shugaban Rasha, mafi girma cikin jamhuriyoyin, a gaban talakawa ya ci kashi 57. Daga ranar akwai shugabanni biyu a gari ɗaya, ɗaya da ƙuri'ar miliyoyi, ɗaya da ta zauren taro. Rasha ta riga ta fara riƙe harajin da ya kamata ta tura wa gwamnatin tsakiya.

Duk da haka ya kusa ceto wani abu. A ƙuri'ar raba-gardama ta 17 ga Maris 1991, wadda jamhuriyoyi shida suka ƙaurace wa, kusan kashi uku cikin huɗu na masu zaɓe a sauran tara sun ce a riƙe Tarayyar a sabon salo. An sa 20 ga Agusta ranar fara sa hannu a sabuwar yarjejeniya. Ranar 19 aka yi juyin mulki, aka tsare shi a gidan hutunsa na Foros a Kirimiya. Su wa suka yi? Mataimakinsa Yanayev, shugaban hukumar leƙen asiri ta KGB Kryuchkov, ministan tsaro Yazov, ministan cikin gida Pugo, da Firayim Minista Pavlov. Duk shi ya naɗa su. Yanayev ma majalisa ta ƙi shi a zagayen farko, Gorbachev ya nace sai da aka sake ƙuri'a. Ministan wajensa Shevardnadze ya yi murabus a Disamba 1990 yana gargaɗin cewa kama-karya na tafe, bai saurara ba.

Juyin ya rushe cikin kwana uku, ya tafi da abin da ya rage na martabar gwamnatin tsakiya. Jamhuriyoyi suka yi ta shelar 'yanci. Yukiren ta jefa ƙuri'a ranar 1 ga Disamba, fiye da kashi 90 suka zaɓi ficewa. Ranar 8 ga wata Yeltsin da Kravchuk na Yukiren da Shushkevich na Belarus suka haɗu a dajin Belovezha suka rubuta cewa Tarayyar ta ƙare. George Bush ya ji labarin a waya kafin Gorbachev ya ji. Ranar 25 ga Disamba ya sauka. Sunansa ba ya cikin takardar da ta rusa ƙasar, har ranar ƙarshe roƙo yake a bar ta.

Amurkar da ake cewa ta ɗauke shi haya ma ba rushewar take so ba a lokacin, tsoron inda makaman nukiliya za su faɗa take. Ranar 1 ga Agusta 1991 Bush ya tsaya a majalisar Kiyef yana gargaɗin 'yan Yukiren game da kishin ƙasa mai kai mutum ga halaka kansa. Makonni biyu kafin nan Gorbachev ya je taron ƙasashe bakwai masu arziki a Landan neman agaji, ya dawo hannu rabbana. Wane irin ɗan kore ne ubangidansa ke hana shi kuɗi a ranar da ya fi buƙata?

Rabonmu a Afirka

Janyewarsa ta taɓa mu ta fuska biyu. Yarjejeniyar Disamba 1988 ta fitar da sojan Kuba daga Angola, Namibiya ta sami 'yanci a Maris 1990. Da barazanar kwaminisanci ta gushe, gwamnatin wariyar launin fata ta rasa hujjar da take sayar wa Yamma, de Klerk ya saki Mandela a Fabrairu 1990. Kérékou ya ajiye aƙidar Markisanci a Jamhuriyar Binin, taron ƙasa na Kwatano ya buɗe ƙofa, Nijar ta yi nata a 1991. Mengistu na Habasha ya gudu Zimbabuwe da makamai suka daina zuwa. Ta ɗaya fuskar kuma, shugabannin Afirka sun rasa damar cewa in Washinton ta ƙi, Mosko za ta bayar, ɗalibanmu da ke karatu a can suka shiga wahala. Masana'antar ƙarfe ta Ajaokuta, wadda kamfanin Sobiyet na Tyazhpromexport ya gina, ta tsaya a shekarun 1990. Amma shekara talatin da suka biyo baya ba Gorbachev ke mulkin Najeriya ba.

"Ai dama rushewa za ta yi"

Wannan hujjar masu kare shi ce, kuma ban karɓe ta ba. A 1985 babu yajin aiki, babu jamhuriyar da ke shirin ficewa, bashin waje kaɗan ne, bankunan Turai rububin ba ta rance suke don ba ta taɓa saɓa biya ba. Tsarin ruɓaɓɓe ne, amma Kuba da Koriya ta Arewa sun shiga yunwar da ta fi wannan suna nan har yau. Da wani Chernenko ne ya hau, da an ja shekaru ana lallaɓawa. Rushewa a 1991, da irin siffar da ta zo da ita, sakamakon shawarwarin da aka yanke ne tsakanin 1985 da 1990. A ƙarshen 1991 Yavlinsky ya bayyana cewa zinaren da ya rage a ajiyar ƙasa tan 240 ne kacal.

Don haka ƙiyayyar da talakan Rasha ke yi masa ba jahilci ba ce, ko da ya rasa sunan da zai kira laifin. Ranar 2 ga Janairu 1992 gwamnatin Yeltsin ta saki farashi, a shekarar kaya suka tashi da kusan kashi 2,500 cikin ɗari. Ajiyar da malamin makaranta ya tara shekara talatin a bankin gwamnati ta koma kuɗin cefanen 'yan kwanaki. Gaidar, ministan kuɗin Yeltsin, ne ya buɗe ƙofar, amma tulin takardun da suka kwararo a zamanin Gorbachev aka buga su. Tsawon ran maza ya faɗo daga kusan 65 a 1987 zuwa ƙasa da 58 a 1994. Rashawa kusan miliyan 25 suka wayi gari a ƙasashen da ba nasu ba. Da ya tsaya takarar shugaban Rasha a 1996, shekara shida bayan lokacin da ya kamata ya nemi ƙuri'ar, rabin kashi ɗaya cikin ɗari ya samu. Ya rasu ranar 30 ga Agusta 2022 yana da shekara 91, wata shida da fara yaƙin Yukiren, kuma Putin bai halarci jana'izarsa ba.